Igiyar Aure ta Huɗu Tana Hannun Jakada

Kowane Bahaushe ya san igiyar aure uku ce, ya kuma san abin da ke ƙulla ta: waliyyi da sadaki da shaidu da siga. Idan waɗannan suka cika, aka raba goro da dabino, aka shafa fatiha, to aure ya ɗauru, ko a Tibiri ne ko a Jiratawa. Amma duk ɗiyar Maraɗi ko ɗan Maraɗin da ya auri ɗan wata ƙasa ta Turai, yake kuma son ya bi abokin zamansa can, ya san an ƙaro igiya ta huɗu wadda ake kira biza, kuma tana cikin aljihun teburin ƙaramin jakada. Abin da nake son in tabbatar wa mai karatu shi ne, ƙasashen nan sun mai da aure abin tuhuma, wannan kuwa zalunci ne, sannan mu da sakacinmu muke miƙa musu sandar da suke dukanmu da ita.

Mu ɗauki Faransa, tun da ita muka fi sani. Bisa dokar da ta kafa ranar 14 ga Nuwamba 2006, Bafaranshen da zai yi aure a waje sai ya fara samun takardar shaidar cancantar aure daga ofishin jakadancin ƙasarsa, a manna sanarwa ta kwana 10, a kuma yi wa ango da amarya tambayoyi, wani lokaci kowa shi kaɗai. Bayan ɗaurin aure sai a nemi a kwafe shi cikin kundin Faransa. Idan ma'aikacin ya ji zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya tura batun ga mai gabatar da ƙara na birnin Nant, wanda doka ta ba shi har wata 6 ya yi nazari. Sai an tsallake duk waɗannan ake zuwa ga maganar biza. A rubuce, dokarsu ta ce ba a hana matar Bafaranshe ko mijin Bafaranshiya biza sai idan an kama ha'inci, ko an soke auren, ko mutumin barazana ne ga zaman lafiya. To, amma wa ke faɗin abin da ya zama ha'inci? Wannan ma'aikacin da bai taɓa zama a zauren ɗaurin aure ba.

A nan ne al'adarmu take zama laifi. A gaban mai tambaya, ana son amarya ta faɗi cikakken sunan mijinta, da ranar haihuwarsa, da inda suka fara haɗuwa, ta kuma fito da hotunan da suka ɗauka tare. Alhali ita an yi mata tarbiyyar da mace ba ta kama sunan mijinta, ballantana na surukinta, kuma ta tashi a gidan da ko ranar haihuwar mahaifiyarta ba a lissafa ba. Idan ta sunkuyar da kai ta yi shiru, mu mun ga kunya, shi kuwa ya ga mara gaskiya. Bugu da ƙari, a wurinmu wakilai ne ke karɓar aure, ango yana iya kasancewa a wata uwa duniya, amma dokar Faransa ba ta amincewa da auren ɗan ƙasarta idan bai halarta da kansa ba. Ke nan auren da limami da dattawan unguwa suka shaida, sai ya tashi a banza a idon wanda ke riƙe da hatimi.

Na san za a ce da ni ƙasarsu ce, suna da ikon su tsare ƙofarsu, kuma auren bogi domin neman takardun zama abu ne da ke faruwa. Ban musa ba. Sai dai su ne suka koya wa duniya cewa ba a kama mutum da laifi sai an tabbatar, su ne kuma suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1950, wadda sashenta na 8 ya kare zaman iyali. Idan maƙaryata ake nema, me ya kawo maganar dukiya? A 2012 Ingila ta shar'anta wa mai son kawo matarsa ko mijinta samun fam 18,600 a shekara, a watan Afrilu 2024 ta ɗaga shi zuwa fam 29,000. A 2007 Jamus ta wajabta cin jarrabawar Jamusanci tun kafin a baro gida. A ina ɗiyar manomin Jiratawa za ta koyi Jamusanci? Holan ta riga ta kawo irin wannan jarrabawa a 2006, ta kuma ɗauke wa ƴan Amurka da Japan da Kanada ita. Ashe abin da ake aunawa shi ne nauyin aljihu da launin fasfo. Har gwajin jini majalisar Faransa ta amince da shi a 2007 domin tantance ƴaƴan masu neman haɗuwa da iyalinsu, sai da surutu ya yi yawa aka jingine shi a 2009 ba a aiwatar ba.

Sannan siyasa ta zo ta ƙara wa Barno dawaki. Da ma daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar sama da kilomita 600 ce, a kan takarda ɗaya da aka manta sai mutum ya yi ta sau biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a watan Janairu 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta, aka bar ma'aurata da neman wata ƙasar da za ta karɓi takardunsu. A watan Disamba 2025 Amurka ta saka Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa mutanensu ƙofa. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan rigingimu, amma amaryar da ke zaune a ɗakin mahaifiyarta ba ta yi juyin mulki ba, ba ta kori jakada ba. Tana nan ba ita ga budurwa, ba ita ga matar aure, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko, tana shan habaici a gidan suna, ɗanta kuwa a WhatsApp ya san fuskar ubansa. Shari'ar Musulunci wata 4 kacal ta ba mijin da ya rantse zai ƙaurace wa matarsa, domin ta san nisa cuta ne. Jakada kuwa yana raba ma'aurata shekara da shekaru.

To, yanzu mu waiwayo gida, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sashe na 47 na kundin dokokin farar hula na Faransa ya yarda da takardun haihuwa da na aure na ƙasashen waje, muddin ba a ga alamar kuskure ko jabu a cikinsu ba. Mu kuwa me muke kai musu? Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna yara 64 ne cikin 100 ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. Saura sai ranar da bukata ta taso ake rugawa wurin alƙali neman hukuncin da zai maye gurbin takardar. Mutum ɗaya sai ka ga Mahamadu ne a takardar haihuwa, Mahaman a katin ɗan ƙasa, Mamman a takardar kammala makaranta. Malamai sun fi kowa sanin yadda ake rage wa yaro shekaru domin ya samu zana jarrabawa, a ɗauka an yi masa gata, alhali an haƙa masa ramin da zai faɗa bayan shekara 20. Aure kuwa, za a kashe jikkuna ɗari-ɗari a kan lefe da anko da makaɗa, a kasa taka ƙafa zuwa ma'aikatar magajin gari a rubuta shi, duk da dokar 2019 ta tanadi wa'adin yin haka. Ga kuma dillalan takardun jabu, waɗanda kowace takarda ɗaya da aka kama musu take jawo wa masu gaskiya tuhuma. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Masu cewa takarda al'adar Nasara ce su tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Idan bashin kuɗi ya cancanci alƙalami, ina ga amanar ɗiyar mutane?

Saboda haka aiki yana gabanmu. Limamai da masu unguwanni su riƙa tambayar takarda kamar yadda suke tambayar sadaki. Malaman makaranta su tsaya a kan suna ɗaya da rubutu ɗaya da shekara ɗaya ga kowane ɗalibi, tun daga ajin farko. Ƙungiyoyin al'adu su wayar da kan iyaye kafin a sa rana, su san abin da ke jiran ɗiyarsu, su kuma shar'anta wa ango ya zo da kansa. Hukumominmu kuma, duk ranar da suka zauna da waɗancan ƙasashe, su sa batun ma'aurata a gaba, a ware shi daga rikicin gwamnatoci. Maraɗi gari ne da Katsinawa masu ƙaura suka raya, Tibiri kuma Gobirawa masu ƙaura, saboda haka ba yau muka fara bin iyali zuwa inda suka sauka ba. Mu gyara takardunmu, sa'an nan mu ɗaga murya mu nemi haƙƙinmu ba tare da an sami abin nuna mana da yatsa ba. Allah ya haɗa kowa da iyalinsa cikin alheri.