Injin Wanki Ya Fara Yoyo

Wani magidanci mazaunin Agege a Ikko, wanda ke haya a saman bene, ya dawo daga sallar asuba wata Asabar sai ya tarar da maƙwabcinsa na ƙasa tsaye a bakin ƙofa, fuskar nan ba annuri. Ashe ruwa ne ya kwana yana ɗiga daga rufin ɗakinsa har ya jiƙa masa katifa. Da aka bi sawu sai aka iske injin wankin uwargida ne ya cika ɗakin girki da ruwa, alhali kuwa a kashe yake tun daren jiya. Uwargida ta shiga ƙafa ba takalmi za ta share, tana dafa jikin injin sai wuta ta fizge ta. Allah dai Ya kiyaye, don da ɗan autansu mai rarrafe ne ya riga ta shiga, da labarin ya sha bamban.

Abin da ya kamata a fara yi ke nan aka bari sai daga baya, watau a kashe wuta daga babban makunni kafin a taka ruwan, a zare filogi, sa'an nan a rufe famfo. Gidajen haya da yawa ba a haɗa musu waya ta ukun nan mai kai ɓatacciyar wuta ƙasa ba, saboda haka jikin mutum ne ke zama hanyarta.

Maigida ya rantse a ranar zai sayar wa 'yan gwangwan. Uwargida ta ce, "Malam, a dai kira mai gyara tukuna." Ita ce da gaskiya, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma inda ya ɓullo shi ke faɗin ciwon. In ta baya yake zuba ko injin ba ya aiki, to tiyon da ke kawo ruwa ne ya tsage, ko 'yar robar bakinsa ta ci, kuma kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba. In ta gaba ne, a duba robar ƙofa, wadda allurar ɗankwali ko ƙusa kan huda. Wani lokaci matacin da ke can ƙasa ne ya toshe da zare da maɓallai da tsabar da aka manta a aljihu. Wani lokacin ma injin lafiyarsa lau, garin sabulu ne aka zabga kumfa ya yi ambaliya.

Mai gyara ya canja tiyo, amma da ya kunna injin ya kai ga matse kaya sai ya ɗauki ruri kamar jirgi zai tashi, ga kuma jan ruwa mai tsatsa yana bi ta ƙarƙashi. Robar da ke tsare boris ta mutu, ruwa ya daɗe yana cin boris ɗin. A injuna da yawa na yanzu an liƙe gangar ne gaba ɗaya, ba ta kwantuwa, sai dai a canja ta dungum, kuɗin kuwa ya doshi na sabo. A nan kam rantsuwar maigida ta samu gurbi.

To, a kasuwar Alaba ido kan ruɗi mai saye. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023 kayan lantarki suka yi tashin gwauron zabo, shi ya sa mutane suka karkata ga na hannu, wanda ake kira tokumbo. Ba laifi, amma a karanta 'yar takardar da ke bayansa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma wanda aka yi don can, ana jona shi kai tsaye zai ƙone. Mai ƙofa a gaba, wanda ke yin komai da kansa, ya fi iya wanki da tattalin ruwa, kamar jarka 2 ta 'yan garuwa kan ishe shi. Sai dai yana bukatar famfo mai ƙarfi, in kuma zai dafa ruwa yakan ja wat 2,000 ko kusa da haka, abin da ƙaramin janareta ba ya ɗauka. Masu layin da ake kira Band A kuwa ba su manta da watan Afrilun 2024 ba, sa'ad da kuɗin wutarsu ya tashi zuwa Naira 225 kowane ma'auni. In an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, a yawancinsu kaya na ciki tsundum sai ta dawo.

Mai baho biyu ba shi da kwarjini a ido, roba ce zalla, amma da bokiti ma ana zuba masa ruwa, wutar da yake sha ba ta kai wat 500 ba a galibinsu, ruwan kumfar farare yakan wanke masu launi, kuma kusan kowace unguwa akwai mai gyaransa. Shadda dai ba ruwanta da ko wanne, wurin masu wanki da bugu za ta.

Magidancin ya tuna tankinsu da ba ya cika sai an yi sa'a, ya sayi mai baho biyu na kilo 8, ya karɓi rasit da takardar garanti, ya kuma sa aka gwada shi da ruwa a gabansa. Uwargida ba ta ji daɗi ba, don yanzu da hannunta take kwashe kaya daga wannan baho zuwa wancan. Batun katifar maƙwabci kuwa yana gaban mai gidan haya, an ce sai ƙarshen wata.