Wanda ya saki igiya

A ƙasar Kutus, inda garin Kelle yake zaune arewa da Gure, kowa ya san yadda ake yasar rijiya. Mutum guda ake ɗaura wa igiya a zura shi ƙasa, sauran su tsaya a baki suna riƙe, suna jawo yashi guga bayan guga. Kafin a zura shi kowa yana da ikon cewa ba shi da hali yau, babu mai zarginsa. Amma da zarar ƙafarsa ta bar bakin rijiya, maganar ta canja: wanda ya saki igiya ya tafi sha'aninsa a wannan lokaci, sunansa ya ɓaci har ƴaƴansa su gada. Da wannan ma'auni nake son mu duba wata rigima ta ƴan zamani, wadda ta daɗe tana cin masu wasannin intanet, kuma ta iso hannun samarinmu ta wayar salula.

Bari in fara da inda abin ya fi tsanani. Akwai wani wasan kwamfuta mai suna World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na ƙasar Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004. A shekarar 2016 aka ƙara masa wani fanni da ake kira Mythic+. Mutum biyar ne ke haɗuwa su shiga kogon dodanni: ɗaya mai garkuwa, shi ke tare duka, ɗaya mai magani, shi ke warkar da raunin sauran, uku kuma mayaƙa. Ana ba su wa'adi, wajen rabin awa ko fiye kaɗan, su kashe manyan dodannin kogon da adadin ƙananan da aka ƙayyade. Duk wanda ya faɗi, sai a zaftare wasu daƙiƙoƙi daga wa'adin. Ƙofar kuwa ba ta buɗuwa sai da mabuɗi, kuma mabuɗin na mutum ɗaya ne daga cikinsu, wanda ya sha wahala kafin ya kai shi matakin da yake. In sun gama cikin lokaci, mabuɗin ya ƙara daraja. In sun kasa, ya sauka mataki guda.

Ga inda gizo ke saƙa: da an fara ƙidayar lokaci, ba a iya sauya mutum. In mai magani ya yi fushi a minti na goma ya fice, ba wanda za a kira ya maye gurbinsa. Mutum huɗu sun yi asarar yininsu, mai mabuɗi ya yi asara biyu, shi kuwa mai ficewa ba abin da ya taɓa shi, nan take zai nemi wata ƙungiya. Shekaru da dama haka abin ya kasance. Tun Disamban 2009, lokacin da aka kawo tsarin da na'ura ke haɗa baƙi da baƙi don shiga kogo na yau da kullum, akwai horon zaman jira ga wanda ya gudu. Amma a Mythic+, da yake mutane ne ke zaɓen junansu da hannunsu, kamfanin ya bar su su ji da kansu.

Sai a watan Nuwamba na 2024 Blizzard ta ba da sanarwar cewa ta dakatar da wasu ƴan wasa da suka mayar da ficewa sana'a, suna yin ta da gangan sau da yawa. A cikin sanarwar ta amince cewa lalura na faruwa, intanet na yankewa, wani lokaci ma ƙungiyar ce baki ɗaya ke yarda a haƙura. A watan Agusta na 2025 kuma ta kawo sabuwar doka: in tafiya ta ƙi, ɗaya daga cikin biyar ɗin na iya neman a kaɗa ƙuri'a, in rinjaye ya yarda, kowa ya kama gabansa ba laifi. Wanda kuwa ya saba ficewa ba tare da ƙuri'a ba, sai a ɗora wa sunansa alama a wurin neman abokan tafiya, kowa ya gani kafin ya ɗauke shi.

Mai karatu na Kelle zai ce, to ina ruwanmu? Wasan nan sai da babbar kwamfuta da kuɗin wata. Gaskiya ne. Amma ku leƙa kowace fada ta samari daga Zinder zuwa Gure bayan sallar isha'i, ku ga kawuna sunkuye a kan waya, shayi na tafasa ba mai kula shi. Free Fire suke bugawa, wanda ya fito a 2017, ko PUBG Mobile na 2018, inda mutum huɗu ke ɗaure wa juna gindi har ƙarshen zagaye. Cutar ɗaya ce, kuma magungunan da manyan kamfanoni ke gwadawa a can su ne ke gangarowa nan. A League of Legends, mai yawan gudu sai ya yi dogon jira kafin a sake ba shi wasa. A Dota 2, wanda layinsa ya yanke na minti biyar ana lissafa shi cikin waɗanda suka gudu, kuma in abin ya yawaita sai a tura shi wani layi na daban, inda zai yi wasa da masu hali irin nasa. Wannan hukunci na ƙarshe yana ba ni dariya, don ya yi kama da a tara duk masu cin bashin gari a ce su kafa adashe.

Dubi dokar minti biyar ɗin nan da kyau, domin a nan namu kason yake. Na'ura ba ta ganin zuciya, layi kawai take gani: yana nan ko ya yanke. Yaron da ya ja tsaki ya kashe wayarsa don an fara cin su, da yaron da rezo ya ɗauke masa yana tsakiyar fafatawa, duk ɗaya ne a wurinta. Wa ya fi faɗawa cikin kashi na biyu, ɗan birnin Paris ko ɗan Kutus da ke hawa tudu neman sanda biyu ta rezo, wanda batirinsa ke hannun mai caji da hasken rana, forfensa kuma na iya ƙarewa ba sallama? Ba mu manta ba, a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, har da layin da ke tasowa daga Katsina ya ciyar da Maraɗi da Zinder, aka yi watanni ana rabon kuran. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari a rufe. Dokar da aka tsara a Amurka ba ta san da waɗannan ranaku ba. Alamar da aka yi don tona asirin mai mugun hali tana iya zama tambarin talauci a goshin wanda bai yi kome ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a soke hukunci. Wanda ya taɓa gayya ya san dalili. Mai gona ya yanka akuya, matansa sun kwana daka, makaɗa sun zo, an ja kunya, sai wani ƙato ya ci tuwo ya sha hura ya saɓa hauyarsa ya yi gida. In gari ya yi shiru a kan wannan, baɗi ba mai kiran gayya. Sai dai gari ba ya hukunci a makance. Ana bambanta wanda aka aiko wa cewa matarsa na kan gwiwa da wanda rana ce kawai ta yi masa zafi. Ana duba ko yau ne farau ko kuwa halinsa ne. Kuma akwai hanyar fita ta mutunci: ka je wurin mai gona ko sarkin samari ka nemi sallama, a ce maka Allah ya kiyaye hanya. Ƙuri'ar da Blizzard ta ƙirƙiro a 2025, in ka cire mata kwalliya, wannan neman sallamar ce, wadda ta ɗauke su shekara tara kafin su gano.

Ita ma ƙuri'ar tana da nata rami. Mutum biyu masu taurin kai na iya ƙin yarda, su riƙe sauran a cikin kogon da kowa ya san ba zai ƙare cikin wa'adi ba. Wanda aka hana ficewa kuma yana da makamin da ya fi ficewa muni: ya tsaya cik, ko ya riƙa jawo dodanni da gangan har a gaji a sallame shi. Ƙafarsa na cikin gona, hauyarsa ba ta taɓa ƙasa. Doka na iya tsare jikin mutum a wuri, ba ta iya sa shi aiki.

Shi ya sa a ganina gyaran da ya fi amfani shi ne wanda ba a yi ta yayatawa ba. A farkon 2025 kamfanin ya kawo wani tsari: wanda ya gama dukan kogunan zangon cikin wa'adi a mataki na 12 ko sama, mabuɗinsa ba ya sake sauka ƙasa da matakin da ya kammala. Da asarar mai mabuɗi ta ragu, zafin rai ya ragu, don yawancin zagin da ke korar mutane daga tsoron asara yake fitowa. Rage abin da ke karyewa ya fi sauƙi a kan farautar wanda ya karya. Abin da ya rage wa irinmu shi ne su yi wa wanda layinsa ya yanke sassauci, su ba shi lokacin dawowa, su kuma auna shi da yawan wasannin da ya kammala maimakon ƙidayar yankewa kaɗai.

Kafin su yi hakan, akwai abin da ke hannun ƴan fada. Wanda ya san rezonsa na rawa, ya faɗa wa abokan tafiya tun a bakin ƙofa, su ɗauke shi da saninsu ko su bar shi. Wanda ya san saura minti ashirin a kira magariba, ko Baba na gab da aikensa kasuwa, kada ya karɓi matsayin mai garkuwa a tafiyar rabin awa. Kuma wasa da wanda za ka haɗu da shi gobe a bakin rijiya ya fi wasa da baƙon da ba za ka sake ganin sunansa ba, domin abokin fada in ya ɓace daga allon waya, juyawa kawai za ka yi ka gan shi a gefen tabarma yana girgiza wayarsa yana neman sanda.