Masu Neman Zama a Zariya: Wace Unguwa Za Su Sauka?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, zaman manyan birane ya soma gagarar mai ƙaramin ƙarfi. Ma'aikacin da ya yi ritaya a Abuja ko Kaduna, idan ya auna kuɗin fanshonsa da kuɗin haya da na mota, sai ya ga lissafi ya ƙi fita. Da yawa daga cikin irin waɗannan sun juyo da hankalinsu Zariya. Ban da su akwai waɗanda ba su zo da son ransu ba, wato manoman da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankunan Giwa da Birnin Gwari. Duk mai lura da sababbin fuskoki a sujadar Lahadi ya san wannan magana ba jita-jita ba ce.

Abin da ke jawo su a fili yake. Zariya ba ƙauye ba ce, amma ba ta da hayaniyar Kano, ba ta kuma da tsadar Abuja. Tsakaninta da Kaduna kimanin kilomita 80 ne. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da harabarta a Samaru da Kongo. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Luka Mai Tsarki a Wusasa. Tsoho mai hawan jini ko ciwon suga ya san darajar zama kusa da likita. Yaro kuwa yana iya yin firamare har ya kai digiri yana kwana a ɗakin uwarsa. Abinci ma da sauƙi, gama masara tana shigowa daga ƙauyukan kewaye, tumatir da albasa daga fadamun Galma, rake daga Makarfi.

Sai dai kada wani ya ruɗe ku da zancen ruwa. An kashe kuɗi mai yawa a kan babban aikin ruwan Zariya, wanda aka tsara zai riƙa tace lita miliyan 150 kowace rana, amma har yanzu akwai unguwannin da rijiya da 'yan ga-ruwa ne gatansu. Mai neman gidan haya ya tambayi matan maƙwabta yaushe famfo ya kawo ruwa na ƙarshe. Kada ya tambayi dillali.

To, babbar tambayar da ke gaban mai bi ita ce: a ina zai sauka? Wanda bai san garin ba yana tsammani Zariya ɗaya ce. Ba haka ba ne. Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take. Akwai Tudun Wada, akwai Sabon Gari, akwai Samaru, akwai Wusasa a gindin dutsen Kufena. Wannan rabo ba jiya aka fara shi ba. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, Turawan mulki suka ware Sabon Gari domin baƙi daga kudu, Tudun Wada kuma domin 'yan arewa da ba 'yan Birni ba. Su ne suka ja layin, mu kuma muka gaje shi muka ƙara masa zurfi.

Matasanmu da yawa ba su san cewa a cikin ganuwa aikin bishara na Zariya ya fara kafuwa ba. Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna cikin Birni tun 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana kuma fama da aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Sai a 1929 aka fitar da mishan zuwa Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa, ginin Hausa tsantsa. Daga wannan ɗan ƙauye aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon wanda a nan ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara. Waɗannan mutane ba su ɗauki kansu baƙi a ƙasar Zazzau ba, ba wanda kuma ya isa ya kira su baƙi.

Abin da ya canza zukata shi ne wuta. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u masu yawa. A 1992 na Zangon Kataf ya biyo baya, sa'an nan na bayan zaɓen 2011. Ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, aka kai harin bam a babbar majami'ar Katolika ta Almasihu Sarki a Sabon Gari da majami'ar ECWA a Wusasa, mutane suna tsakiyar sujada. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, iyalai sun kwashe kaya sun koma inda nasu suka fi yawa, Musulmi da Kirista duka. Ba na ganin laifin uban da ya yi haka. Wanda ya taɓa gudu da 'ya'yansa cikin dare ba ya bukatar wa'azi a kan ƙarfin hali daga wanda bai taɓa ba.

Amma wannan tattaruwa tana da nata farashi, kuma baƙin da ke zuwa yanzu su ne ke biyansa. Da yake kowa wuri ɗaya yake nema, filaye da haya a unguwannin da masu bi suka yi yawa sun yi tsada, har sauƙin da ya kawo mutum Zariya ya soma tserewa. Wanda bai iya ba sai ya tafi bakin gari inda fili ke da araha, can kuwa tsaro ya fi rauni. Ba mu manta da harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 ba, inda aka sace ɗalibai da malamai. A shekarar nan ta 2021 kuma gwamnatin jiha ta rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland, bisa hujjar cewa filin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan rusau, mutanen da suka zuba gumin shekaru a ginin nan sun wayi gari a waje. Takardar da dillali ya rubuta da hannu, ko da shaidu goma, ba ta tsayawa a madadin takardar hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS. Kasancewar mai sayar da filin ɗan ikilisiyarku ne ba ta mai da filin nasa.

Game da Birni kuwa, ya kamata mu faɗi gaskiya ta kowane gefe. Majami'unmu a bayan ganuwa suke, kuma koken wahalar samun izinin filin gina majami'a tsohon koke ne a Arewa, ba ƙirƙira ba ce. Duk da haka ba kowace ƙofa da aka rufe ce saboda addini ba. Yawancin gidajen Birni gidajen gado ne, na malamai da masu sarauta da masu sana'a, ba a cika sayar da su ba. Musulmin da ya zo daga Sakkwato ko Ilori ma yawanci a Tudun Wada ko Sabon Gari yake samun masauki. Don haka ba ina cewa kowa ya ɗauki katifa ya nufi Ƙofar Doka ba.

Abin da ke damuna shi ne mai bi ya shekara goma a Zariya bai taɓa shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ba, alhali Hausa ɗaya muke yi, tuwo ɗaya muke ci, iyalai da dama na Wusasa kuma suna da dangi na jini a cikin gari. A Birni ne ake samun masu ɗinkin babbar riga da aikin hannu wanda ake alfahari da shi har ƙasashen waje, da dukawa, da magina na gado. Tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta a kan masallata a watan Agustan 2023, da majami'armu ta Wusasa, hikimar gini ɗaya ce ta tsayar da su, ta tubali da azara da bakan gizo. Damina ɗaya ce kuma ke cin su. Yaron da bai taɓa ganin ɗayan ba, ba zai gane darajar ɗayan ba. Haka nan yaron Birni da bai taɓa gaisawa da Kirista Bahaushe ba, duk abin da aka faɗa masa game da mu zai gaskata, kuma irinsa ne ake tarawa ranar tashin hankali.

Annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai Babila cewa su gina gidaje, su yi shuka, su kuma nemi alherin garin da suke ciki. Su bayi ne a ƙasar wasu, mu kuwa a ƙasar kakanninmu muke, saboda haka nauyin ya fi hawa kanmu.

Akwai aikin da ikilisiyoyi za su iya yi ba tare da jiran gwamnati ba. Kowace majami'a tana da lauya ko ma'aikacin filaye ko tsohon ɗan gari a cikin membobinta. A haɗa su, su riƙa duba takardun fili kafin baƙo ya biya ko kwabo. Dattawa su raka sabon zuwa ya gai da mai unguwa, gama a ƙasar Zazzau wanda mai unguwa bai san da shi ba, ba shi da mai shaidarsa ranar da magana ta taso. Zumuntar mata ta san waɗanne iyalai ne daga cikin 'yan gudun hijira ke cunkushe a ɗaki ɗaya, ta sa su a gaba wajen rabon baiko. Idan Sallah ta zo kuma, shugabannin matasa su nemi wani dattijo ɗan Birni ya yi musu jagora, su kai yaran makarantar Lahadi kallon hawan Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya gaji Shehu Idris a 2020. Daga Wusasa zuwa ƙofar fada, tafiyar keke napep ce da ba ta kai rabin sa'a ba.