Kada lasifikar waya ta zaɓa wa mai jita hambakar wuya

Masu kaɗa jita mai lantarki a birnin Katsina ba su da yawa, amma akwai su: makaɗan coci, masu aiki a ƙananan situdiyo, da samarin da kiɗan Abzinawa ya kama ta YouTube da TikTok. Yawancinsu ta waya suke sayayya, daga Kano ko Legas, ko ta Jumia da AliExpress, kuma abin da ya iso ya iso ke nan. Shi ya sa kuskure wajen zaɓen fikof yake da tsada.

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, yana zaune a ƙarƙashin tsirkiya yana mayar da rawarta lantarki. Hambaka shi ne mai naɗi biyu masu saɓa wa juna, ta yadda gurnanin wuta da ɗaya ya kwaso, ɗayan zai soke shi. Seth Lover na kamfanin Gibson a Amurka ya nemi rajistar wannan fasaha a 1955, ta hau jitar Les Paul a 1957. A Katsina amfaninta a fili yake. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ɗakin da ake juyawa tsakanin wutar KEDCO da janareta da inbata, ga caja mai araha a soket, ɗaki ne da fikof mai naɗi ɗaya zai yi ta gurnani, musamman idan ba a ja wayar ƙasa ba.

Sai dai sautin da samarin ke nema na mai naɗi ɗayan ne. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yaɗu ta memori da Bluetooth, an san shi da Stratocaster mai irin wannan fikof. Kowace tsirkiya ana jin ta daban, garau. Mai hambaka zai iya kusantar wannan tsabta, muddin bai bi tallar “ƙarfin sauti” ba.

A kusa da wuyan jita tsirkiya ta fi lilo, don haka sautin wurin dama yana da kauri da ƙarfi. Ƙara yawan naɗi yana ƙara ƙarfi ne yana cinye siririn sauti na sama. Aka haɗa biyun, sai a samu kunu: a kaɗa tsirkiya uku, kunne ya ji dunƙule ɗaya. JB na Seymour Duncan, mai kusan 16k a mita, an fi sa shi can wajen jaki, inda tsirkiya ke hawa kuma lilonta kaɗan ne. Na wuya, irin Jazz SH-2n da ’59 SH-1n, tsakanin 7k da 8k suke, da maganaɗisun Alnico 5. Lambar ba ita ce komai ba, domin kaurin waya ma yana canza ta, amma ta isa ma’aunin farko. Mai saye ya sa ɗan kasuwa ya ɗora mita ya turo hoton ta WhatsApp. Wanda ya ƙi, a bar masa kayansa. Haka wanda ke sayar da babban suna a kuɗin da bai kai rabin na kamfani ba.

Babban tarkon shi ne bidiyon gwaji. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kimanin sau 82 a daƙiƙa, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Wato daidai kaurin da ke dagula sauti shi waya ke ɓoyewa, kowane fikof sai ya zama gwani. Dole a sa abin sauraro mai kyau a kunne, a nemi wurin da aka kaɗa tsirkiyoyi masu kauri tare, ba tare da an murɗe amfilifaya tana ruri ba. Bidiyon da daga farko har ƙarshe ruri ne da gudun yatsu bai nuna komai ba sai gwanintar mai kaɗawa.

Sau da yawa ma ba sai an sayi sabo ba. Sukurudireba ta isa a sauke fikof ɗin ƙasa kaɗan, musamman ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri, kuma ba ko sisi. Maɓallin ƙara sauti na 250k yana danne na sama. Hambaka da na 500k ya saba tafiya, kuma mai gyaran rediyo zai canza shi da ɗan dalma. Tsirkiyar da ta sha ƙurar hunturu da gumin bazara ma ta mutu, ko wane fikof aka sa mata.

Idan sayen ya zama dole, a nemi mai waya huɗu. Da shi ana iya kashe naɗi ɗaya, sai dai gurnanin zai dawo. Abin da ya fi dacewa da ɗakin janareta shi ne a haɗa naɗin biyu gefe da gefe maimakon bi da bi: ƙarfi zai ɗan ragu, sauti ya washe, gurnani kuma ya ci gaba da sokewa.