Yaran Kasuwar Kwastam na buƙatar fili da inuwa

Wanda ya ratsa Kasuwar Kwastam ta Maiduguri da hantsi, ta wajen masu kayan miya, zai ga wasu da nan suke wuni amma ba a lissafa su cikin 'yan kasuwa. Yara ne 'yan shekara uku zuwa biyar, sun wuce goyo, ba su isa firamare ba. Uwa na kasa tattasai, ɗa na ƙarƙashin tebur da murfin kwalba a hannu, da ya yunƙura sai tsawa: “Kai, zauna, ga Keke Napep nan!”

Ba laifinta ba ne, kare shi take yi. Sai dai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu na buƙatar motsa jiki na aƙalla awa uku a rana, ɗaya daga ciki na guje-guje da tsalle-tsalle. A ƙarƙashin tebur ba a samun wannan.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun share fagen firamare cikin tsarinta, amma galibin abin da ake kira naziri ɗaki ne mai zafi, da benci da allo, ana ta nanata ABCD. A garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, inuwar darbejiya, wadda Maiduguri ba ta rasa ba, ta fi wannan ɗaki. Kayan wasa kuma ba sai an sayo su ba. Mai carafke na ƙirga duwatsu tun ba ta san lamba a rubuce ba, mai langa na koyon tsayuwa da jiran layi, mai ƙera motar kara na gwada tsawo da kauri. Abin da ake nema kaɗan ne: fili mai shinge a gefen kasuwa, yashi, tsofaffin tayoyi, randar ruwa, banɗaki, da mata biyu ko uku da aka horar, ana biyan su.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen yaro mai naƙasa, wanda akan bari a gida ko a ɗauka a tafi bara da shi. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin ya cika tun 2024. Filin yara ba zai sha wuyar cika ta ba. A yi ƙofa mai gangara maimakon matakala, a daidaita ƙasa don keken guragu, a sa ƙararrawa cikin ƙwallo don makaho ya bi sauti. Carafke ma a zaune ake yin sa. Wanda ya taɓa kallon ƙwallon guragu ya san rashin ƙafa bai hana zura ƙwallo a raga.

Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta shafi unguwannin bakin kogin Ngadda, har da Kwastam da Gwange, ta kuma yi ɓarna a gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda iyaye kan kai yara ran sallah. Duk gyaran da za a yi wa kasuwar, tsarin ya kamata ya ware wannan fili tun kafin a raba rumfuna, don da zarar an raba, ba mai sakin taku ɗaya. Shugabannin kasuwa su ba da wuri, hukumar ilimin bai-ɗaya ta Borno, SUBEB, ta ɗauki horon masu kula da albashinsu.