Kwamfutocin Makarantarmu Ma Suna Buƙatar Suna

Yau ina so in yi magana a kan wani abu da wasu za su ce ƙarami ne, wato sunayen kwamfutocin da ke ɗakin kwamfutarmu. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowace ɗaya ta samu suna mai tsari, wanda da an ji shi za a san ɗakin da take da teburin da take kai.

Wataƙila wasu ba su sani ba, kowace kwamfuta tana da suna a cikinta. Idan aka saka mata Windows ba a raɗa mata suna ba, ita da kanta take ɗaukar wani. Yakan fara da kalmar DESKTOP, sai karan ɗori, sai haruffa da lambobi guda 7 a cakuɗe. Ko gwanin hadda a ajinmu ba zai riƙe irin wannan suna ba. Shi ya sa muka ƙirƙiro namu a baki. Za ka ji ana cewa "ta kusa da taga", ko "mai mataccen linzami", ko "wadda ke ƙarƙashin fanka".

To, ina matsalar take? A ce kwamfuta ta ƙi kawo wuta, ɗalibi ya gaya wa monita cewa ta kusa da taga ce. Monita ya gaya wa malam. Maigyara kuma ba ya zuwa sai muna aji ko mun tashi. Idan ya zo, tagogi suna da yawa, kuma babu wanda zai nuna masa. Sai ya duba wata daban, ya ga lafiyarta ƙalau, ya kama gabansa. Mako mai zuwa mu dawo mu tarar da ita yadda muka bar ta. Waɗanda ya kamata su zauna a kanta sai su koma su cunkushe a ta kusa, mutum ɗaya yana dannawa, saura suna leƙe ta bayan kafaɗarsa har a buga ƙararrawa.

Haka kuma batun ajiye aiki. Ka yi rubutu ka adana, wani makon ka manta wadda ka zauna a kai, sai ka ɓata rabin darasi kana bin tebura kana nema. Idan linzami ko waya ta ɓata, ba a iya cewa ga inda aka cire ta, sai zargi ya hau kan aji guda, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Kada mu manta, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta. Da yawa daga cikinmu ba mu da kwamfuta a gida. Wannan ɗakin ne kaɗai wurin da hannunmu zai saba da madannai kafin ranar ta zo. Duk kwamfutar da ta kwana a lalace, lokacin koyonmu ne yake tafiya.

Mu Hausawa mun san amfanin suna mai bayani. Da ka ji Ladi ka san ranar Lahadi aka haife ta. Da ka ji Ɗanjuma ka san ranar Juma'a ce. Hassan da Husaini tagwaye ne, Gambo shi ke bin tagwaye, Auta kuma shi ne na ƙarshe. Ko lambar mota ka duba, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi mata rijista. Me zai hana kwamfutocinmu su samu irin wannan?

Ga shawarata. A fara da haruffan da ke nuna wuri, sai karan ɗori, sai lambar tebur. Ta bakwai a ɗakin kwamfuta ta zama DK-07. Ta farko a laburare ta zama LBR-01, ta ofis kuma OFS-01. A saka sunan a cikin kwamfutar, a rubuta shi da maka a takarda a manna a jikinta, a kuma rubuta shi a kan teburin. Wajibi ne na ciki da na waje su zama iri ɗaya.

Akwai ƙa'idojin da malamin kwamfuta ya koya mana, kuma wannan tsari ya kiyaye su. Na ɗaya, a Windows an fi so kada sunan ya wuce haruffa 15. Na biyu, ba a barin fili a tsakiyar suna, karan ɗori ake sawa. Na uku, a guji haruffanmu masu lanƙwasa kamar ɗ da ƙ da ɓ, shi ya sa na rubuta DK da D zalla. Na huɗu, kwamfuta biyu da ke haɗe a layi ɗaya ba za su ɗauki suna ɗaya ba, don rikicewa suke yi. Sifirin da na sa kafin 7 ma yana da dalili. Idan babu shi, wani lokaci jeri yakan fito 1, 10, 11, sannan 2, amma da sifiri kowace tana tsayawa a layinta.

Wannan ba sabon abu ba ne. A jami'ar MIT da ke Amurka, an daɗe ana kiran kwamfutocin ɗakunan ɗalibai da lambar gini, da lambar ɗaki, da lambar na'ura. Idan babbar jami'a irin wannan ta ga amfanin haka, mu ma bai fi ƙarfinmu ba.

Na san wasu abokaina za su ce waɗannan sunaye ba su da daɗi, gara a sa Zaki, Giwa, Damisa, ko sunayen 'yan ƙwallo. Maganarsu tana da tushe, domin a 1990 wani masani mai suna Don Libes ya rubuta shawarwari kan raɗa wa kwamfuta suna, kuma ya yaba da zaɓen sunaye daga dangi ɗaya, kamar na launuka. Amma Zaki bai gaya wa maigyara teburin da zai nufa ba. Sunan ɗan ƙwallo kuwa faɗa zai haddasa, kowa ya ce sai a kan gwaninsa zai zauna. Sa sunan ɗalibi ko malami ma bai dace ba, don ɗalibi yana gamawa ya tafi, malami ana yi masa canjin wurin aiki, kwamfuta kuma tana nan.

Wasu kuma za su tambaya, idan aka ɗauke kwamfuta daga wani ɗaki zuwa wani fa? Sai a canza mata suna a ranar, a rubuta a littafi. Aikin 'yan mintuna ne.

Saboda haka ina roƙon shugaban makarantarmu da malamin kwamfuta su duba wannan shawara. Ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Maka ɗaya, takarda, salatif, da littafin rubutu guda da za a ajiye a bakin ƙofa sun isa. A ba kowace kwamfuta shafinta, duk wanda ya ga matsala ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani. Mu 'yan ƙungiyar jarida a shirye muke mu yi rubutun da mannawar idan an ba mu izini. Ku kuma 'yan'uwana, idan an manna, don Allah kada a ɓare, kada a yi zane a kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga 'yar'uwarku ta aji biyu, ƙaramar sakandare.