Kada a Yi Sulhu Kafin Likita Ya Yi Magana

A hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko ta Kano zuwa Maiduguri, idan tirela ta murƙushe ƙaramar mota, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Jama'a su taru, a finciko waɗanda suka ji rauni ta hannu da ƙafa, a yayyafa musu ruwa, a ɗura musu wani a baki. Direban babbar motar ya faɗa daji don tsoron duka. Kafin magariba wakilin mai mota ya iso da 'yan kuɗi a ambulan, dattawa su sa baki, a ce ƙaddara ce, wanda aka buge ya ce ya yafe. Kowa ya watse yana ganin an yi abin kirki. Bayan wata uku ƙafa ta ruɓe, an sayar da gona an yi magani, lambar wakilin kuma ta daina shiga.

Ana kiran wannan haƙuri da sanin ya kamata, amma sau da yawa ɓarnar da ake yi wa mai rauni a sa'o'in farko, da hannun masu son sa, takan kai wadda motar ta yi masa. Tushenta ɗaya ne: gaggawar rufe magana kafin a san girman abin da ya faru.

Haɗarin babbar mota ya bambanta da sauran. Tirelar da ta ɗauko buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta, ƙaramar mota kuwa ba ta wuce tan ɗaya da rabi sosai ba. Irin wannan bugu yakan yi ɓarna a inda ido ba ya gani. Saifa ko hanta na iya tsagewa, jini ya riƙa taruwa a ciki ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Jini na iya taruwa cikin ƙoƙon kai, mutum ya miƙe ya yi magana daidai, bayan 'yan sa'o'i ya fara amai, barci ya rinjaye shi, bai sake farkawa ba. Firgici kuma yana danne zafi na wani lokaci. Don haka "lafiyata ƙalau" da mai rauni ke faɗa a bakin titi ba shaida ba ce. Duk wanda babbar mota ta buga, asibiti zai tafi a ranar, ko da da ƙafarsa yake tafiya.

Kafin asibiti akwai 'yan abubuwa da ke raba rai da mutuwa. Wanda zai iya tafiya ya bar kan kwalta, domin wata motar na tafe. Idan tankar mai ce, a yi nesa da ita ƙwarai. Fiye da mutum 150 ne suka mutu a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, fiye da 80 kuma a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, kuma akasarinsu wuta ce ta cinye su bayan tankar ta riga ta kife. A kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, ko lambar gaggawa 112. Wanda ke kwance yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ba a jan sa sai idan wuta ko wata mota na barazana gare shi, domin ƙashin bayan da ya tsage yana iya yanke laka a lokacin ɗauka, mutum ya shanye har abada. Idan tilas a ɗauke shi, ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, sauran su ɗaga shi a miƙe a kan katako ko ƙyauren ƙofa. Inda jini ke zuba a danne da ƙyalle mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Ƙasa da toka da man birki ƙazanta kawai suke ƙara wa rauni. Ruwan da ake ɗura masa don tausayi kuwa yana iya shaƙe shi, kuma yana iya jinkirta tiyatar da za a yi masa.

A ƙofar asibiti ne ake cin karo da tsohuwar magana, wai sai an kawo takardar 'yan sanda. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida, ko duka biyun. Mai raka majinyaci ya san wannan, ya faɗe shi cikin ladabi ba tare da ja da baya ba.

Sai batun mai ɗori. Ba a musun cewa yana kusa, yana da arha, kuma mutane sun amince da shi tun kaka da kakanni. Amma ba ya ganin cikin ƙashi, kuma karayar da tayar tirela ta yi ba irin ta faɗowa daga jaki ba ce. Gaɓar da ta kumbura, aka ɗaure ta tamau da kara, jini yakan daina gudana a cikinta, naman ya mutu, ƙarshenta a yanke ta. Naman da ƙarfe ya matse na tsawon lokaci kuma yana sakin gubar da ke lalata ƙoda. Fitsarin da ya koma launin shayi alama ce ta komawa asibiti nan take. A ɗauki hoton ƙashi tukuna, likita ya duba. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da asibitocin koyarwa na Zariya da Maiduguri da Sakkwato don irin wannan aka gina su.

A daidai lokacin da ake ta wannan, shaida tana ɓacewa. Wayoyin da ake haska fuskokin masu rauni da su don a watsa a Facebook sun fi amfani idan aka juya su ga lambar kan motar da ta bodin da take ja, da sunan kamfanin da ke jikinta, da sawun birki a kwalta, da takardar inshora. A karɓi sunaye da lambobin mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. A tabbatar 'yan sanda sun rubuta rahoto sun zana wurin. A adana kowane rasit, har na allura, a nemi rahoton likita a rubuce.

Dalilin wannan shi ne akwai hakki, kuma akwai wanda zai biya shi. Tun dokar 1945 inshorar da ke kare mutanen da mota ta yi wa ɓarna ta zama tilas a Najeriya, kuma daga farkon 2023 kuɗinta ga manyan motocin dakon kaya ya koma naira 100,000 a shekara. Idan direba ya yi ganganci a bakin aikinsa, doka tana ɗora alhakin a kan wanda ya ɗauke shi aiki, ba a kan direban da ya gudu kaɗai ba. Wakilin da ya iso da ambulan ya san duk wannan, shi ya sa yake sauri. Ya san kuɗin tiyata da na jinyar wata shida, majinyacin da ke kwance cikin zafi kuwa bai sani ba. Ba laifi a karɓi kuɗin magani, muddin an rubuta cewa na magani ne. Takardar da ta ce magana ta ƙare ita ce ba a sa wa hannu, ko dangwala mata yatsa, a kan gadon asibiti.

Za a ce kotu tana jan ƙafa, talaka ba ya ja da mai tireloli hamsin, wasu takardun inshorar ma na bogi ne. Duk gaskiya ne. Sai dai ko sulhun ma ya fi kyau ga wanda ya zo da rahoton likita da hotuna da shaidu. Wanda ya zo hannu rabbana abin da aka ga dama ake miƙa masa. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana karɓar ƙarar diyyar haɗari daga marasa ƙarfi. Jinkiri kuma yana kashe hakki, domin doka ta sa wa'adin shigar da ƙara, kuma idan motar ta hukumar gwamnati ce wa'adin na iya zama wata uku kacal.

Za a kuma ce yafiya ta fi, tunda ba da gangan aka yi ba. Yafiya falala ce, amma masu kafa hujja da addini don a rufe bakin majinyaci su koma ga Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Ta ɗora lamuni a kan mahayi da mai jan dabba game da abin da dabbar ta taka, ta kuma hana yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Malaman da suka yi zamani da raƙuma sun fahimci cewa ba a ƙiyasta ɓarna ranar da ta faru. Mai hakki ne ke yafewa, bayan ya san abin da ya rasa, ba dattawan da ba za su biya kuɗin maganinsa ba. Kuma muddin karya ƙafar mutum ya fi gyaran birki arha, mai mota ba zai gyara birki ba, direba kuma zai ci gaba da tuƙin kwana da kwanaki babu barci.

Idan irin wannan ta faru, ma'aikacin da ke birni ne dangi ke fara kira. Kafin ya tura kuɗi, ya ce kada a ja shi, kada a ba shi ruwa, a kai shi asibiti, a ɗauki lambar motar, kuma kada kowa ya sa hannu a kan komai sai likita ya gama magana.